Sau uku na kama bargona da fil mai makulli kafin ya kwanta

Wata huɗu na yi ina haɗa fuskar bargon. Ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu, na yanka su ɗaya bayan ɗaya, na ɗinke su layi-layi har suka zama shimfiɗa mai faɗin santimita 150 da tsawon santimita 200. Ranar da na ja ɗinkin ƙarshe na ɗauka wahala ta ƙare, saura in ɗora a kan auduga in bi da keke. Ashe akwai wani mataki a tsakani da ba a ganin alamarsa a jikin bargon da aka gama, alhali shi ne ke sa bargo ya kwanta lumui ko ya tattare. Irin wannan bargo hawa uku ne: fuska, wato ƙyallayen da aka haɗa, auduga a tsakiya, wadda ake sayarwa falle guda a naɗe, sai shafi, yadin da ke ƙasa. Dole a kama ukun nan wuri guda kafin allurar keke ta ratsa su, kuma hanyar da na zaɓa ita ce fil mai makulli. Sau uku na yi kamun kafin ya yi daidai, abin ya ci min fiye da mako guda. Na rubuta wannan ne don wadda ta gama fuskar bargonta ta farko, tana tsaye a kansa ba ta san ta inda za ta fara ba.

Karon farko a kan gado na yi, don ba na son durƙuso. Na shimfiɗa shafi, na fito da auduga daga ledarta a take na ɗora, layukan ninkin da ta yi a cikin leda suna nan a jikinta kamar kunya-kunya, na ce ai fuska za ta danne su. Shafin kuwa daidai girman fuska na yanka shi, ko ɗan yatsa ban ƙara ba, ina ganin tattali nake yi. Fil ɗari gare ni, manya, miƙaƙƙu, irin waɗanda kowa ke da su a gwangwanin zare. Na duba takardar da ke cikin ledar audugar na ga an rubuta santimita 20, sai na ɗauka tazarar da za a bari ke nan tsakanin fil da fil. Na fara daga kusurwar da ta fi kusa da ni ina tafiya da taƙi guda-guda har na kai wancan gefen. Katifa tana lotsawa duk inda na dafa, sau biyu na haɗa da zanin gado ban sani ba sai da na zo ɗagawa. Cikin awa guda na gama, raina fes.

Na zauna a keke na ja layi huɗu daga sama har ƙasa. Ta fuska komai lafiya. Da na juya bargon don in duba zaren ƙasa sai gabana ya faɗi: shafin ya ninke a wurare da dama, allura ta bi ta kan ninkin ta ɗinke shi, wani wurin har ya yi kamar tattarar siket. A kusurwa ɗaya kuma shafin ya gaza, auduga tana leƙowa kusan yatsa biyu. Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. Haƙoran keke suna jan yadin da ke ƙasa, ƙafar keke tana danne na sama tana ɗan tura shi gaba, auduga kuma a tsakiya tana santsi. Idan babu abin da ya riƙe ukun da kyau, kowane zai tafi da saurinsa, rarar da ta taru sai ta ninke a ƙarƙashin allura. Dare biyu na yi ina farke layi huɗun nan a hankali, ina tsoron kada in yaga ƙyallen da na sha wahalar haɗawa. Ba farkewar ce ta fi ci min rai ba, ganin cewa ɓarnar tana faruwa a ƙasa ina ta ɗinki ban sani ba, shi ne ya tsaya min.

Sai na koma na sake karanta takardar audugar da natsuwa. Santimita 20 ɗin nan ba maganar fil ba ce sam. Iyakar nisan da za a iya bari ne tsakanin layukan ɗinki na dindindin ba tare da audugar ta dunƙule a wanki ba, kuma kowace irin auduga da nata adadin. A ajiye wannan takarda kada a jefar da ita tare da leda, domin a nan ake ganin ko audugar tsantsa ce ko an gauraya ta da roba, da ko tana jan jiki idan an wanke, da ko tana jure dutsen guga. Fil kuwa tazararsa kamar faɗin dunƙulen hannu ce, kusan santimita 10 ta kowane ɓangare. Na yi lissafi: 150 a raba da 10 ya ba da 15, 200 a raba da 10 ya ba da 20, 15 sau 20 kuwa 300. Ke nan fil ɗarin da na yi amfani da su kashi ɗaya ne cikin uku na abin da bargon ke buƙata.

Asarar farko ita ce shafi. Wanda na yanka daidai ba zai yi ba, dole shafi da auduga su zarce fuska da kamar santimita 10 a kowane gefe, domin suna ɗan shiga ciki yayin ɗinki. Shafina ke nan ya zama 170 da 220. Yadin auduga na irin wannan aiki yawanci faɗinsa wajen santimita 110 ne, bai kai ba, sai na sayi mita huɗu da rabi na raba biyu na haɗa su ta tsawo. Kafin in haɗa na yanke bakin yadin na masaƙa, saboda saƙarsa ta fi matsewa kuma yakan ja ɗinki ya tanƙware, sannan na buɗe bakin ɗinkin da dutsen guga ya kwanta gefe da gefe. Allah Ya taimake ni ban datse audugar ba a karon farko, tana da rara. Na shimfiɗa ta a ɗakin da ba a shiga na bar ta ta kwana, da safe layukan ninkin sun saki da kansu. Fuskar ma na sake goge ta, ta baya tukuna sannan ta gaba, na bi da almakashi na tsince duk zaren da ke lilo a baya, domin baƙin zare yakan nuna ta cikin farin ƙyalle bayan an rufe, kuma a lokacin babu hanyar ciro shi.

Sai maganar fil. Fil mai makulli da muka sani, wanda Walter Hunt ya yi wa rajista a Amurka a 1849, waya ce guda da aka murɗa ta yi gammo a ƙarshe ɗaya, ɗaya ƙarshen kuma ya zama murfin da ke ɓoye tsini. Miƙaƙƙe ne, yana da kyau wajen kama riga. Amma idan hawa uku suna manne da ƙasa, babu damar sa hannu ta baya, miƙaƙƙen fil ba ya dawowa sama sai an ɗaga yadin, ɗagawar nan kuwa ita ke gusar da abin da aka daidaita. Shi ya sa ake yin wani mai lanƙwasa a ciki musamman don wannan aiki: yana nutsewa ya taɓa ƙasa ya ɓullo da kansa. Yana zuwa lamba-lamba. Lamba 1 tsawonsa kusan milimita 27, lamba 2 kusan milimita 38. Na ɗauki lamba 1 saboda audugata ba ta da kauri kuma ƙaramin fil ƙaramin rami yake bari. Mai auduga mai tudu ta ɗauki lamba 2. Ya fi fil na yau da kullum tsada, kuma sai da na jira kwana uku kafin ya iso hannuna, amma abu ne da ake saya sau ɗaya a yi ta amfani da shi shekaru. A nemi wanda aka rubuta ba ya tsatsa. Ni dai ban yarda da rubutu kawai ba, na soka guda biyar a jiƙaƙƙen farin ƙyalle na bar su kwana ɗaya, da na ga ba su bar tabo ba sannan hankalina ya kwanta.

Karo na biyu na sauka ƙasa, a kan tayil, na share na goge. Na shimfiɗa shafi, fuskarsa tana kallon ƙasa, na ɗauko salatif na takarda, irin wanda masu fenti ke liƙawa, wanda ba ya barin danƙo. Tsoron ninkin da na gani a baya yana raina, don haka na ja shafin da iya ƙarfina ta kowace kusurwa na liƙe, har ya ɗaure tamau kamar fatar ganga. Na ɗora auduga da fuska, na fara soka fil ina rufe kowane da yatsu nan take. Kafin in kai ɗari, babban yatsana ya yi ja, farce ya fara ɗagewa; kafin in gama ya yi bororo. Awa huɗu na yi a durƙushe. Da na ɓare salatif ɗin, ina kallo shafin ya koma girmansa na asali, ya janyo sauran tare da shi. Fuskar da ta kwanta sumul ta kumbura tsakanin fil da fil, ko'ina tudu-tudu. Na zauna a gefen bargon na yi shiru, hawaye suka zo. A karon farko shafi ya yi sako-sako, a na biyu ya yi tauri fiye da kima, ni kuma ban san inda tsakiyar take ba.

Yayata na kira, ta daɗe tana irin wannan ɗinki. Washegari ta zo, ta durƙusa ta shafa bargon da tafin hannu, ta ce, “Ƙanwata, ai yadi ba a yi masa dole. Kin ja shi, shi kuma ya jira kin sake shi ya koma inda yake.” Na ce, “To Yaya, idan ban ja ba ya ninke, idan na ja ya tattare, yaya zan yi?” Ta ce, “Shafa za ki yi, ba ja ba. Kwance fil ɗin nan duka, ki bar su a buɗe cikin kwano, mu sake.” Muka kwance ɗari uku, muka sake goge shafin. Ta nuna min yadda ake liƙawa: a fara da tsakiyar gefe ɗaya mai tsawo, a zagaya a shafa yadin da tafin hannu zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarsa a liƙa, sannan tsakiyar gajerun gefuna biyu haka nan, sai a ci gaba daga tsakiya ana nufar kusurwa, salatif kowane taƙi guda. Kusurwa ita ce ta ƙarshe kuma ba a jan ta, domin yadi ya fi miƙewa ta karkace, jan kusurwa shi ke karkatar da shafi gaba ɗaya. Gwajinta mai sauƙi ne. Ta ja tafin hannu a kan shafin: idan yadi ya taru a gaban hannu kamar igiyar ruwa, ya yi sako-sako, idan kuma zanen yadin ya karkace ko salatif yana ɓarewa da kansa, an ja da yawa. Abin da ake nema shi ne ya kwanta ba tamoji, amma a iya tsunkule shi a ɗan ɗaga.

Kafin mu ɗora sauran, ta sa na ninka kowane hawa biyu na yi alama da alli a tsakiyar gefuna huɗu, shafi da auduga da fuska. A kan salatif ma muka yi alamar. Da wannan ne ake tabbatar da cewa rarar santimita 10 ta rabu daidai, ba ta taru a gefe ɗaya ba. Muka ninka auduga biyu, muka ajiye ninkin a kan layin tsakiya, muka buɗe rabi muka shafa, sannan ɗaya rabin. Ita ma audugar ba a jan ta, wurin da aka ja yakan yi siriri. Fuska ta zo a ƙarshe, kyakkyawan gefenta yana kallon sama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan na ga amfanin mutum biyu: kowa ya riƙe gefe, a sauke ta a hankali daga sama maimakon a ja ta a kan auduga, don auduga tana kama yadi. Muka shafa daga tsakiya zuwa waje. Yaya ta ɗauko doguwar rula ta ɗora a kan layukan ɗinkin fuskar tana duba ko sun miƙe, inda layi ya yi ciki sai ta ɗaga wurin ta sake kwantar da shi. Wannan dubawar ta ɗauke mu kusan rabin awa, kuma ita ce abin da na tsallake a karo biyun farko. Duk layin da aka kama a karkace, a karkace zai dawwama.

Sannan muka fara sokawa, daga tsakiyar bargon muna yin waje, don duk rarar da ta rage ta gudu zuwa baki maimakon a tare ta a ciki. Da yake faɗin 150 ne, tsakiya santimita 75 ce daga kowane gefe, hannu yana kaiwa ba sai an hau kan bargon ba. Na sa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Ana soka fil har a ji tsininsa ya taɓa tayil, wannan ne shaidar ya ratsa hawa uku, sai a juya shi ya ɓullo kamar santimita ɗaya a gaba. Idan cizon ya yi faɗi yadi zai tattare a cikin fil, idan ya yi ƙanƙanta zai iya zare zaren shafin. Duk fil ɗin da ya ƙi shiga sai da ƙarfi, Yaya ta ce in ware shi gefe, dakusasshen tsini yana jan zaren yadi ya bar tabo; mun sami kusan goma irin haka. Ba mu jera su a miƙe kamar layin sojoji ba, layi na biyu yana faɗawa a tsakanin na farko, hakan ya fi riƙewa. Abin da ya fi amfanata daga baya shi ne tambayar da ta yi min tun kafin fil na farko: “Ina za ki bi da keke?” Na ce ta gefen kowace gaɓar ƙyalle. Ta ce to a sa fil a tsakiyar ƙyallayen, a bar wa ƙafar keke hanya.

Ba mu rufe ko ɗaya ba sai da muka gama rubu'i guda. Rufewa tana ɗan ɗaga yadi, kuma idan an ga gyara, buɗaɗɗen fil ya fi saurin cirewa. Wajen rufewar ne ta ɗauko ƙaramin cokali, ta sa bakinsa a ƙarƙashin tsinin ta ɗaga shi, ta danna murfin da ɗaya hannun, ƙyas, ya shige. Akwai ƙarfen da aka ƙera don wannan, Kwik Klip, mai ɗan tsagi a baki da ke riƙe tsinin, amma cokalin ya ishe ni, yatsan da ya yi bororo bai sake taɓa tsini ba. Muna gama kowane rubu'i muna miƙewa mu sake ƙugu. Mu biyu, awa biyu da rabi muka yi. Daga baya, bayan mun kama bakin bargon ma, Yaya ta sa na ƙirga duk fil ɗin da suka shiga, 312, na rubuta a takarda na maƙala a jikin keke, ban ma tambaye ta dalili ba a lokacin.

Da muka ɓare salatif bargon bai motsa ba. Muka juya shi, na bi bayan da tafin hannu ina jin bugun zuciyata. Wuri ɗaya kawai, kusa da gefe, yadi ya ɗan taru. Muka buɗe fil goma sha biyu daga nan zuwa baki, muka shafa rarar ta fita, muka mayar. Wannan juyawar kada wanda ya tsallake ta. Gyaran minti biyar ne a wannan mataki, gyaran dare biyu ne bayan an ɗinka. A ƙarshe muka naɗo rarar shafin ta rufe bakin auduga muka kama da fil, don kada audugar ta yi ta zazzagewa tana kama ƙura yayin da ake jujjuya bargon a keke.

Ɗinkin ya ɗauke ni kwana tara. Na sa ƙafar keke mai haƙora, wadda ke jan yadin sama daidai da yadda haƙoran ƙasa ke jan na ƙasa, na fara daga layin tsakiya. Ina cire fil ne kawai idan ya zo kusa da ƙafar keke, keke a tsaye, allura a cikin yadi. Kada a yi gangancin ɗinkawa ta kan fil, allura na iya karyewa gutsuren ya tashi zuwa ido. Waɗanda na cire a buɗe nake jefa su cikin gwangwani mai murfi, suna sarƙewa amma girgiza kaɗan ke raba su, kuma an huta da buɗe ɗari uku a aiki na gaba; sai dai a ɗora gwangwanin inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Da zan sake daga farko, zan tanadi fil fiye da lissafina tun kafin in gama fuska, in ware yini biyu: ɗaya na guga da hutun auduga, ɗaya na kamu. Ba zan yi a kan gado ba, kuma a kan kafet sai da wani abu mai tauri a ƙarƙashi, in ba haka ba fil zai haɗa da kafet ɗin. Mai daɓen katako ta zura faifan yanka yadi a ƙarƙashin shafi tana matsar da shi, don tsini yana karce katako. Wadda gwiwa ko baya ba za su bar ta ta durƙusa ba, tebur ma yana yi: a kama shafin da manyan maƙalan takardu a bakin tebur, a gama tsakiya, a saki, a matsar, a sake kamawa. Wadda kuma za ta yi ɗinkin da hannu a cikin zoben katako, fil zai dame ta, zare yana sarƙewa a jikinsu kuma suna hana zoben zama, gara ta kama da dogon ɗinkin zare na wucin gadi. Sannan ba na son bargo ya yi watanni da fil a jikinsa, musamman a wuri mai laima, ramukan suna faɗaɗa kuma ƙarfe ba abin amincewa ba ne.

Daren da na ja layin ƙarshe na juye gwangwanin na ƙirga, na haɗa da na gefen baki: 311. Na sake ƙirgawa, 311. Sai a lokacin na gane dalilin takardar da Yaya ta sa na maƙala a keke. Na shimfiɗa bargon na bi shi da tafin hannu taƙi-taƙi, gaba da baya, har na ji ɗan tauri a kusurwa ɗaya, cikin rarar shafin da muka naɗe. A nan na ƙarshen ya maƙale, a rufe, dab da inda zan sa almakashi in datse bakin.